W. C. Handy: Mutumin da Ya Sa Kukan Misisipi a Takarda

Wani dare a wajajen shekarar 1903, wani shugaban ƴan badujala yana gyangyaɗi a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, wani ɗan ƙaramin gari a yankin Delta na jihar Misisipi ta Amurka. Jirgin da yake jira ya yi lattin sa'o'i tara. Can cikin barci sai wani sauti ya tashe shi. Wani siririn mutum ne baƙar fata zaune kusa da shi, tufafinsa duk tsumma, yatsun ƙafarsa sun leƙo ta takalmi. Yana kaɗa jita, amma maimakon ya danne tsirkiya da yatsu kamar kowa, sai yake goga mata wuƙa, jitar tana kuka kamar mutum. Ɗango ɗaya yake ta maimaitawa, a kan wata mahaɗa inda layukan dogo biyu suka gitta juna.

Mai gyangyaɗin nan shi ne William Christopher Handy. Yana da shekara kusan talatin, ya iya karanta rubutun kiɗa, ya koyar a kwaleji, ya zaga Amurka da Kanada da Meziko da Kyuba yana busa. Duk da haka, a littafin tarihin rayuwarsa ya shaida cewa bai taɓa jin kiɗa mai ban al'ajabi kamar na wannan dare ba. Ya tambayi mutumin ma'anar waƙarsa, ya samu amsa. Sunan mutumin kuwa bai shiga littafin ba.

Yau duniya tana kiran Handy Uban Buluz. Akwai mutum-mutuminsa a birnin Memphis, an buga hotonsa a kan sarkin gidan waya, waƙoƙinsa sun ciyar da iyalinsa shekaru da dama. Mai wuƙa da jita ya ɓace kamar an shafa ruwa. Tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ita ce labarin Handy gaba ɗaya. Ba shi ya ƙago kiɗan buluz ba, shi ma ya sha faɗin inda ya jiyo shi. Abin da ya yi shi ne ya rubuta shi, ya buga shi, ya yi masa rajista, bayan ya koyi darajar takarda ta hanya mai ciwo.

Ɗan fasto da jitar da aka mayar kanti

An haifi Handy ranar 16 ga Nuwamba, 1873, a garin Florence na jihar Alabama, shekara takwas kacal bayan an haramta bauta a Amurka. Ɗakin katakon da aka haife shi a ciki kakansa ne ya gina, William Wise Handy, wanda ya yi zaman bauta kafin ya zama fasto. Mahaifinsa ma, Charles Handy, fasto ne. A gidan, kiɗa kashi biyu ne: na coci, wanda ake yabon Ubangiji da shi, da na duniya, wanda ake ɗauka tarkon Shaiɗan ne.

Yaron ya taso da kunne mai kaifi. Ya riƙa tsintar ƴaƴan itatuwa yana sayarwa, yana ƴan ƙananan ayyuka, har ya tara kuɗin wata jita da ya daɗe yana kallo a tagar kanti. Ranar da ya shigo da ita gida cike da murna, uban ya dube ta kamar an shigo masa da ƙazanta. Ya umarce shi ya mayar da ita ya karɓo ƙamus a madadinta. Haka kuwa aka yi.

Bai kamata a yi saurin ganin baƙin uban ba. Mutanen da suka fito daga bauta jiya-jiya sun san cewa karatu ne kaɗai katangar da ke tsakanin ƴaƴansu da gonar auduga, makaɗi kuwa a idon jama'a ɗan mashaya ne. Abin mamakin shi ne duka biyun sun yi wa Handy rana. A makaranta ya samu malamin da ya koya musu karanta sautin kiɗa da baki, ba tare da wani kayan kiɗa ba, har ya kai ga yana iya jin sauti ya rubuta shi. A ɓoye kuma ya sayi wani ƙaramin ƙahon tagulla da ake kira konet, ya shiga wata ƙungiyar ƴan badujala ta garin. Kunnen makaɗi da hannun marubuci suka haɗu a mutum ɗaya, abin da ba a cika samu ba a wancan zamani.

Yawon neman abinci

A 1892 ya ci jarrabawar malanta a Birmingham, amma da ya ji albashin sai ya gwammace aikin masana'antar bututu a Bessemer. Daga nan ya haɗa wata ƙungiyar mawaƙa huɗu suka nufi Chicago don baje kolin duniya, suna isa suka tarar an ɗage bikin zuwa shekara mai zuwa. Ƙungiyar ta watse a St. Louis. Nan Handy ya ɗanɗana talauci tsirara: babu aiki, babu masauki, yana kwana a kan duwatsun gaɓar kogin Misisipi tare da sauran marasa galihu. Abin da ya gani da abin da ya ji a wannan gaɓa ya zauna masa a rai fiye da shekara ashirin.

A 1896 ya auri Elizabeth Price a Henderson ta jihar Kentucky, a shekarar kuma ya shiga ƙungiyar Mahara's Minstrels mai yawon wasa gari-gari. Irin wannan wasa asalinsa Turawa ne ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Daga baya baƙaƙen fata da kansu suka shiga, domin kusan ita ce kaɗai ƙofar da aka bar musu ta cin abinci da kiɗa. Sana'a ce mai ƙasƙanci, ga haɗari. Handy ya ba da labarin yadda a wasu garuruwan Kudu ake buɗe wa taragonsu wuta idan suna wucewa. Amma a nan ya zama shugaban mabusa, a nan kuma, lokacin da suka je Kyuba a 1900, ya ji wani salon kiɗan rawa mai rangaji da ake kira habanera, wanda zai dawo masa daga baya.

Tsakanin 1900 da 1902 ya koyar da kiɗa a kwalejin noma da sana'o'i ta baƙaƙen fata da ke Normal, kusa da Huntsville a Alabama. Bai ji daɗin wurin ba. Albashi kaɗan ne, kuma hukumar kwalejin ta fi ganin girman kiɗan Turai a kan duk wani abu na gida. A 1903 ya karɓi shugabancin wata ƙungiyar badujala a Clarksdale, tsakiyar gonakin audugar Delta. Wannan aiki ne ya kai shi tashar Tutwiler.

Ruwan azurfa a zauren rawa

Daren Tutwiler ya ba shi mamaki, amma bai sauya masa tunani ba. Har lokacin yana ganin kiɗan ƙauye abu ne na jahilai, wanda bai kai a sa shi gaban masu kwat da wando ba. Wani dare ne a garin Cleveland na Misisipi ya buɗe masa ido.

Ƙungiyarsa tana kiɗa a wurin wata rawa, sai aka aiko masa da ƴar takarda ana roƙon ya ba wasu makaɗan gari dama su taɓa kaɗan. Ya yarda, yana ganin hutu ya samu. Mutum uku suka hau, da tsohuwar jita da mandolin da wani babban goge mai kaurin murya da ya sha jiki. Suka kama wani kiɗa da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, suna ta juya abu ɗaya, suna buga ƙafa a daɓe. Zauren ya rikice. Kuɗin azurfa suka yi ta zuba a gaban makaɗan nan kamar ruwan sama, har Handy ya lura cewa abin da aka lika musu ya fi ladan da za a biya ƙwararrun mabusansa tara na daren gaba ɗaya.

Bai ɓoye abin da ya ja hankalinsa ba. Ya ga kyan kiɗan, ya kuma ga kasuwarsa. Daga wannan dare ya fara bin kasuwanni da tashoshi da bakin kogi da takarda a aljihu, yana rubuta abin da ya ji daga bakin leburori da makafi masu bara da jita.

Mene ne abin da yake rubutawa? Buluz kiɗa ne da ya tsiro a tsakanin baƙaƙen fatar Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, daga waƙoƙin aiki da kiraye-kirayen gona da waƙoƙin ibada. Mutanen da suka haife shi an ce sun samu ƴanci, amma noman kashi-mu-raba ya ɗaure su da bashin mai gona, dokokin wariya kuma sun raba su da Turawa a makaranta da jirgi da rumfar zaɓe. Waƙar mutum ɗaya ce da ke faɗin damuwarsa: masoyi ya tafi, aljihu ya bushe, jirgi ya wuce. Sau da yawa akwai ba'a a cikin kukan.

A tsarin da ya fi shahara, baiti ɗango uku ne a kan awo goma sha biyu. Mawaƙi ya faɗi ɗango na farko, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware zancen. Bayan kowane ɗango akwai ɗan gurbi da kayan kiɗa ke cikewa, tamkar ƴan amshi. Sai kuma abin da ya fi wahalar kamawa: mawaƙin yakan lanƙwasa sauti na uku da na bakwai a tsanin sauti, ya sauke su kaɗan, su faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu, wurin da rubutun kiɗan Turai ba shi da alama. Dabarar Handy ita ce ya riƙa cuɗanya sautin da aka sauke da wanda ba a sauke ba, yadda mai fiyano a New York da bai taɓa taka Misisipi ba zai iya kusantar wannan kuka.

Mai karatu da ya saba da goge ko kukuma ko gurmi zai iya jin wani abu da ya sani a nan. Masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun kawo hujjar cewa jijiyar buluz ta fi kusa da kiɗan tsirkiya na yankin sabana na Afirka ta Yamma, wanda ya haɗa da ƙasar Hausa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku: mawaƙi ɗaya, tsirkiya tana amsa masa, murya tana karkarwa a kan gaɓa guda. An kuma san cewa a wasu yankunan bauta an hana bayi ganga, kamar dokar South Carolina ta 1740, alhali kayan tsirkiya an bar su. Wannan ra'ayin masana ne da ake ci gaba da tattaunawa a kai. Shi dai buluz a Amurka aka haife shi, daga wahalar Amurka.

Waƙar zaɓe da cinikin asara

Handy ya koma Memphis, ya kafa sansani a titin Beale, cibiyar kasuwanci da shaƙatawar baƙaƙen fatar birnin. A 1909 ana zaɓen magajin gari, ƴan takara suna hayar makaɗa don tara jama'a. Ɓangaren Edward H. Crump suka ɗauki Handy. Crump yana alƙawarin rufe gidajen caca da na holewa, sai waƙar da ta fito ta zama tana yi wa wannan alƙawari shaguɓe, mutanen titi suna rera cewa ko ya so ko ya ƙi za su yi abinsu. Duk da haka ta tara masa jama'a. Crump ya ci zaɓe, ya kuma riƙe wuyan siyasar Memphis har rasuwarsa a 1954.

A Satumbar 1912 Handy ya buga kiɗan a takarda da kuɗinsa, da sabon suna, The Memphis Blues. A wancan lokaci takardar kiɗa ita ce babbar hajar wannan sana'a, domin gidaje da yawa suna da fiyano, kuma wanda ya ji waƙa ta burge shi kanti yake zuwa ya sayi takardarta. A cewar Handy, Turawan da suka taimaka masa da bugun sun nuna masa tarin kwafi a kanti suka ce ba ta tafiya, wai ta yi wa mutane wuyar kaɗawa. Abin da bai sani ba shi ne an buga wasu kwafin a ɓoye ana ta sayarwa. Gwiwarsa ta yi sanyi, ya sayar wa Theron Bennett haƙƙin mallakarta a kan kuɗin da bai wuce dala ɗari ba.

Bennett ya kai ta New York, aka sa mata sababbin kalmomi a 1913, kamfanin Victor ya ɗauke ta a faifai a 1914, ta game ƙasa. Sunan Handy yana kan takardar, kuɗin yana shiga aljihun wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ba mai rajista shekara 28, tare da damar sabuntawa, ta kuma yanke cewa duk faifan da aka buga za a biya mai haƙƙin waƙa santi biyu. Handy ya zauna yana kallon wannan duka yana wuce shi. Sai a 1940, da wa'adin farko ya cika, waƙarsa ta dawo hannunsa. Sa hannu ɗaya ya ci masa shekara ashirin da takwas.

St. Louis Blues

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Handy ya ƙudura ba zai sake sayar da waƙa ba. Ya haɗa gwiwa da Harry Pace, wani matashi mai ilimi da ya yi karatu a Jami'ar Atlanta kuma yake aikin banki a Memphis, suka kafa kamfanin ɗab'in kiɗa na Pace & Handy, ɗaya daga cikin na farko-farko mallakar baƙaƙen fata a Amurka.

A 1914, yana da shekara arba'in, ya kama ɗaki a titin Beale don ya kauce wa hayaniyar yara a gida, ya kwana yana rubutu. Abin da ya dawo masa shi ne gaɓar kogin St. Louis, da wata mata da ya taɓa gani tana tangaɗi a titi tana kukan mijin da ya guje ta. Ya gina waƙar kashi uku. Biyu suna kan awo goma sha biyu na buluz, na tsakiya kuwa ya ɗora shi a kan rangajin habanera da ya jiyo a Kyuba, domin rawar tango ce ake yayi a lokacin. Ya ce da suka fara kaɗa ta, masu rawa suka zabura kamar an jona musu lantarki.

St. Louis Blues ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi ɗauka a faifai a rabin farko na ƙarni na 20. Bessie Smith ta rera ta a 1925, Louis Armstrong yana amsa mata da ƙaho, a 1929 kuma ta fito a wani gajeren fim mai wannan suna, wanda shi ne kaɗai hotonta mai motsi da aka sani. Wannan karon haƙƙin yana hannun mai shi. An ruwaito cewa har zuwa rasuwarsa waƙar nan ita kaɗai tana kawo masa kimanin dala 25,000 a shekara. Ɗangon mai wuƙar Tutwiler ma bai tafi a banza ba: a kansa Handy ya gina Yellow Dog Blues. Bayanta kuma Beale Street Blues ta biyo.

New York, makanta da littattafai

A watan Mayun 1917 wani gungun Turawa suka ƙone wani baƙar fata mai suna Ell Persons da ransa a wajen Memphis, gaban dubban ƴan kallo, sannan aka jefar da sassan jikinsa a titin Beale. Handy ya rubuta cewa irin wannan gani ne ya fitar masa da Kudu daga rai. A 1918 kamfanin ya koma New York, ya buɗe ofis a unguwar Times Square.

Da farko kasuwa ta buɗe. A 1920 faifan Mamie Smith mai suna Crazy Blues ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙen fata ma masu sayen faifai ne, aka shiga yayin buluz. Amma a 1921 Pace ya ware ya kafa kamfanin faifai na Black Swan, ma'aikata da dama suka bi shi. Bashi ya taso wa Handy, idanunsa suka kamu da ciwo har ya daina gani na wani lokaci. Da taimakon ƙaninsa Charles ya ci gaba da kamfanin da sunan Handy Brothers. Duk tsananin da aka shiga, St. Louis Blues ba ta bar hannunsa ba, ita ce kuma ta fitar da shi.

Daga nan ya koma mai adana tarihi. A 1926 ya fitar da Blues: An Anthology tare da wani lauya mai suna Abbe Niles, littafin da ya tattara waƙoƙin da bayanin asalinsu, ya sa masu ilimi suka fara ɗaukar buluz a matsayin abin nazari. A 1928 ya shirya taron kiɗan baƙaƙen fata a zauren Carnegie Hall. A 1938 ya buga tarin waƙoƙin ibada na bayi, wato kiɗan da mahaifinsa ya yarda da shi. A 1941 tarihin rayuwarsa ya fito da sunan Father of the Blues, laƙabin ya zauna daram.

A 1943 ya faɗo daga dandamalin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, ya makance gaba ɗaya. Matarsa Elizabeth ta riga ta rasu tun 1937. A 1954, yana da shekara tamanin, ya auri sakatariyarsa Irma Louise Logan, wadda ya sha cewa ita ce idanunsa.

Uba ne ko magatakarda?

Tun yana raye aka fara ja da laƙabin. A 1938 wani shirin rediyo ya gabatar da shi a matsayin wanda ya ƙago jaz da buluz. Jelly Roll Morton, gwanin fiyano na New Orleans, ya fusata ya rubuta doguwar wasiƙa yana cewa shi ne ya ƙago jaz a 1902, Handy kuwa kayan mutane yake kwashewa ya sa sunansa. Handy ya mayar da martani cewa bai taɓa iƙirarin ƙago jaz ba, abin da yake alfahari da shi shi ne ya yi hangen nesan rubuta kiɗansa da yi masa rajista.

Tarihi ya ba kowa nasa. The Memphis Blues ba ita ce ta fara fita da kalmar buluz ba. Antonio Maggio ya buga I Got the Blues a New Orleans tun 1908, a 1912 ɗin kuma Dallas Blues da Baby Seals Blues sun fito. Ma Rainey ta ce ta ji irin wannan waƙa a Missouri tun 1902. Akwai kuma masu ganin cewa buluz ɗin Handy na birni ne, an yi masa wanka an sa masa kwat, ya yi nisa da na Charley Patton da sauran mawaƙan Delta da aka fara ɗauka a faifai a ƙarshen shekarun 1920.

Zancen da ya fi nauyi shi ne na bashi. Doka tana kare abin da aka rubuta aka kai ofis, ba ta san waƙar da ke yawo a baka ba. Handy ya ɗebo daga rijiyar jama'a, ya tace, ya sa hatimi, riba ta zama tasa. Masu bincike sun gano cewa a wani rubutun farko na littafinsa ya ambaci sunan jagoran makaɗan nan uku na Cleveland, Prince McCoy, amma a littafin da aka buga babu sunan. McCoy ya rasu a 1968 bai bar faifai ko ɗaya ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A zamanin da mawallafa ke kwashe kiɗan baƙaƙe ba ko sannu, Handy ya riƙa bayyana inda ya jiyo waƙoƙinsa, garin da yanayin da irin mutanen. Ba don shi ba, da ba mu san an yi wani mai wuƙa a Tutwiler ba. Kuma abin da ya yi ya wuce kwafa: ya tsara, ya ƙara nasa, ya haɗa abubuwan da ba su taɓa haɗuwa ba. Da bai rubuta ba, da wani ya rubuta, kuma da wuya wannan wani ya zama jikan bawa. Shi kansa an yi masa abin da ake zarginsa da shi, ya kuma zaɓi ya koyi dokar wasan maimakon ya tsaya kuka.

Abin da ya rage

A watan Yulin 1956, a filin Lewisohn na New York, Louis Armstrong ya busa St. Louis Blues tare da mawaƙan New York Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Leonard Bernstein. Handy yana cikin ƴan kallo, tsoho makaho mai shekara 82, kyamara ta kama shi yana share hawaye da hankici. Kiɗan da aka hana shi shiga da shi gidan ubansa, ga shi manyan makaɗan ƙasa suna yi masa hidima. Armstrong ɗin nan watanni biyu kafin haka yana Accra, a 1960 kuma ya zo Najeriya.

Handy ya rasu ranar 28 ga Maris, 1958, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 84. An yi jana'izarsa a cocin Abyssinian Baptist da ke Harlem, aka ƙiyasta mutum 150,000 sun cika tituna, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn. A shekarar aka fitar da fim a kan rayuwarsa, Nat King Cole ya fito a matsayinsa. Memphis ta kafa mutum-mutuminsa a 1960 a dandalin da ke ɗauke da sunansa a titin Beale. Kan sarki mai hotonsa ya fito a 1969. Ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta St. Louis ta ɗauki sunan waƙarsa a 1967. Ɗakin katakon kakansa a Florence ya zama gidan tarihi, garin kuma yana bikin kiɗa da sunansa kowace shekara tun 1982.

Babban gadonsa dai yana cikin kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Awo goma sha biyun da ya taimaka ya daidaita a takarda shi ne ƙashin bayan jaz na farko da kiɗan rok da ya biyo baya. Kuma duk makaɗin da ya ƙi sa hannu a yarjejeniya sai ya karanta ta, sawun Handy yake bi.

A Tutwiler an kafa allo kusa da inda tsohuwar tashar take, mai ba da labarin wancan dare. Mutum biyu labarin ya ƙunsa. Ɗaya an rubuta sunansa a cike. Ɗayan kuwa har yau siffarsa kawai aka sani: siriri, mai tsumma, da wuƙa a hannu.